Kura da baro: abin da ke cin bayan mai tura kaya

Duk wanda ya je kasuwar Mile 12 da ke Legas da sassafe, lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga motocin Arewa, zai lura cewa masu baro da dama samari ne, amma tuni sun fara dafe ƙugu in sun miƙe. A ganina, yadda ake tayar da kaya daga tsaye da kuma halin da taya take ciki sun fi nauyin kayan kansa cin bayan mutum.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ɗan ga-ruwan da ya jera jarka 12 masu lita 25 a kurarsa yana tafe da kilo 300, ban da nauyin kurar. Taya ce ke ɗauke da wannan nauyi, shi kuwa aikinsa ya rinjayi turjiyar ƙasa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, wato HSE, ta ba da ma'auni cewa ƙarfin da namiji zai sa wajen tayar da kaya ko tsayar da su kada ya wuce kimanin kilo 20, na ci gaba da tafiya kuma kilo 10. Tayarwa ta fi tafiya wuya ke nan, kuma a cunkoson Agege ko Idi-Araba, inda ake tsayawa kowane taku kaɗan saboda babura da motocin haya na danfo, mutum yana maimaita wannan sashe mai wuya duk yini. Hawa kuma ya fi muni, domin a hanyar da ke tashi mita 1 cikin kowace mita 12, kura mai kilo 300 tana neman ƙarin ƙarfin kusan kilo 25.

Turawa ta fi ja aminci a mafi yawan lokuta, saboda mai turawa yana jingina nauyin jikinsa a kan kayan, yana kuma ganin gabansa. Ya kamata mariƙin ya kasance tsakanin ƙugu da gwiwar hannu, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ta yadda ƙarfin zai fito daga cinya da ɗuwawu, gadon baya kuma ya tsaya a miƙe. Wanda ke jan kura da hannu ɗaya yana waiwaye, ya haɗa murɗa ƙashin baya da fizgar kafaɗa a lokaci guda, kuma ƙasan baya, daidai inda ƙashin ya haɗu da ƙugu, shi ne ke shan wannan murɗa.

A baro kuwa, idan aka matsar da buhu kusa da taya, nauyin da ke kan hannu yana raguwa sosai. Na sha ganin yaro ya ɗora buhun dankali dab da mariƙi saboda gaggawa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, alhali matsar da buhun gaba kaɗan zai sauƙaƙa masa.

Tayar da ba ta da isasshiyar iska, ko gatarin taya, wato ƙarfen da take juyawa a kai, da ya bushe babu giris, yana ƙara turjiya a kowane taku, kuma kuɗin buga iska bai kai na maganin ciwon jikin da ake saye kullum da yamma ba. Da damina, silifas ɗin roba a kan taɓo yana zamewa tun kafin ƙarfin ƙafa ya isa ga kaya, sai mutum ya rama da fizga. Idan taya ta faɗa rami, gara a ɗan ja baya a sake hanya, ko a kira abokin aiki a tura tare.