Farar shadda, hazon Jos, da iyakar gyaran hoto

Hoton da ya fi ba ni aiki a Jos shi ne na mutum mai duhun fata sanye da farar shadda, irin fitowar Juma'a ko ɗaurin aure. Ma'aunin hasken kyamara matsakaici yake nema. Idan rigar ta cika hoton sai ya rage haske, fuska ta dushe. Idan ka ƙara don fuskar ta fito, aikin wuyan rigar ya tafi, ya zama fari fat, kuma babu manhajar da za ta dawo da zaren da kyamara ba ta gani ba.

Don haka rigar nake fara karewa. Ina kunna alamar nan mai ƙyaftawa a inda haske ya ƙone, in riƙa ragewa, -0.3, -0.7, har ta daina ƙyaftawa a kan shaddar. In da hali, in matsar da mutumin bakin inuwar bango ko rumfa, fuskarsa na kallon sarari. Da RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba: JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Shi ya sa za ka ɗaga fuskar da mataki ɗaya a manhajar gyaran hoto irin su Lightroom ko Darktable fatar ba ta lalace ba, muddin ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta kama, na tsakanin 100 da 400. A 3200, kana ɗaga duhu ɗigo-ɗigo za su cika kumatu.

Kuma ɗaga haske daban, sauya launin mutum daban. Ba na son abin da ya zama yayi yanzu, a goge fuska har ta koma kamar roba, a mai da baƙi jatau. Ƙurjin da zai wuce gobe nakan cire shi, amma zanen fuska da launin fata nasa ne.

Da hunturu kuwa hazo ne matsalar. Je ka Duwatsun Shere ko Riyom a watan Janairu da tsakar rana, komai zai fito toka-toka. Madannin rage hazo na Lightroom yana taimakawa zuwa wajen 15 ko 20. Ka wuce 40, sama ta yi datti, gefen duwatsu ya yi wani farin zobe. Ya fi sauƙi ka isa da ƙarfe bakwai na safe, rana ta bugo daga gefe, ka matsa kusa, domin yawan iskar da ke tsakaninka da dutsen shi ne yawan ƙurar da za ka ɗauka. Kada ka sauya gilashin kyamara (lens) a fili. In kana zargin ƙura ta shiga ciki, ɗauki sama kawai a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken gilashin, tabon zai bayyana, ka hure shi da robar hura iska, ba da baki ba.

A Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ruwan nan mai laushi a hoto ana samunsa da barin shota (ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) a buɗe 1/4 na daƙiƙa, ISO 100, f/11, kyamara a kan ƙafa uku, da jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza ta. Idan rana ta yi ƙarfi sai an ɗora baƙin gilashi mai rage haske. A hannu, da gilashin 50mm, ba na sauka ƙasa da 1/60, yara masu guje-guje kuma 1/500. Hoton da ya girgiza, ƙara masa kaifi a kwamfuta ƙara fito da aibinsa yake yi.

Wajen gyara, daidaita fari nake fara yi, ina dubawa da shaddar kanta, sannan haske, launi a ƙarshe. Hasken allon kwamfuta a rabi nake barinsa, in ba haka ba hoton zai fito da duhu a wurin wanki. Ka fitar da shi a sRGB, tsarin launin da yawancin allo ke amfani da shi, kuma in ta WhatsApp za ka tura wa mai shi, tura a matsayin fayil, don kada ya matse shi aikin wuyan rigar ya narke.