Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunan da Aka Goge

Makon jiya mun tsaya a zuwana Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano. To, a wani ɗan ofis na saman bene na fara rubuta labarin fim, da biro da littafin makaranta. Lokacin ɗan kasuwa ne sarki. Shi ke ba furodusa kuɗi, shi ke buga faifai ya baza a kasuwar Ƙofar Wambai, shi ke cewa a cusa waƙa uku ko da labarin na zaman makoki ne. Marubuci in ya samu kuɗin mota sai godiya.

Baffa dama ya ce, "Alƙalami ne gadon gidanmu, ba kyamara ba." Yana nufin alƙalamin allo. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tambayata me nake rubutawa ba.

Labarin da na rubuta na wata mata ne mai takaba, dangin miji suna rabon gida tun ba ta fita ba. Na kai wa wani furodusa, ya riƙe, daga baya ya ce ba zai yi kasuwa ba. Bayan sallah sai ga fosta a bango, labarina ne, sunan wani a ƙasa. Ko sunan matar ba su canza ba! An kai shi Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ya wuce lafiya, don aikinta duba tarbiyya ne, ba bin haƙƙin marubuci ba.

Furodusan nan, bara ya kira ni wai "Darakta, ko da ɗan rol?" Na ce Alhaji sai dai a yi haƙuri. Kasuwar faifai ta mutu tun da masu tura fim a waya suka cika gari, Arewa24 ta zo a 2014 da fina-finai masu dogon zango, YouTube kuma ta cire ɗan kasuwa daga tsakani. A can na saki fim ɗina na farko, da kyamarar haya da kuɗin adashin Yaya Babba. Sunana na sa a farko, da manyan baƙi, da gangan.

Inna ta kalla a wayar Ummi, ta ce, "Ai ga alƙalamin Baffanku nan." Ban yarda ba, shi ba haka yake nufi ba.

Rigimar lokeshan ɗin Bichi sai mako mai zuwa.