Darussan da na koya daga firijin zobon Hajiya

Saura mako uku azumi wata Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo shagon Kawu a Shara Mansur, nan Makka. Shekara da shekaru tana sayar da zobo da sobiya a ƙofar gidanta daga La'asar zuwa kiran sallar Magariba. Kukanta ɗaya ne, ƙanƙara. Takan zuba ta cikin bokiti don abin ya yi sanyi, kafin a sha ruwa ta narke, zobon ya salamce, masu saye su fara ƙorafi. Ta ce da Kawu: "Malam, so nake a yi mini firiji mai famfo a waje. In murɗa, in cika gora, in miƙa."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa nake koyon gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki shekara huɗu ke nan. Ya dube ni ya ce aikin nawa ne.

Na yi murna, domin na taɓa ganin irin wannan a YouTube. A Amurka mutane kan mayar da tsohon firiji wurin ajiye tulun giya, su fito da famfo ta jikinsa. Mu nan giya haramun ce, dokar ƙasa ma ta hana, amma dabarar sanyaya abin sha da turo shi ta bututu ba ruwanta da abin da ke cikin tulu. Hasali ma tulun ƙarfen da suke amfani da shi, wanda ake kira da sunan kamfanin Cornelius, tun farko don lemon kwalba aka ƙera shi, Pepsi da Coca-Cola suka daɗe suna aiki da shi kafin su koma jaka cikin kwali. Yana cin lita 19, faɗinsa wajen santimita 22, tsayinsa kuma ya haura santimita 60. Waɗannan alƙaluma na san su tun kafin in fita sayen firiji, amma tef ɗin awo na can cikin akwatin kayan aiki ban ɗauka ba.

Na tafi Jidda, kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh, na ga wani ɗan ƙaramin firiji fari tas, ba tsatsa, robar ƙofarsa lafiya, kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, na kuka a hankali. Na biya riyal 300 na ɗoro shi a mota. Sai da muka iso shago na gwada sa tulun na ga ya ƙi shiga. A ƙasan firijin ta baya akwai tudu, wurin da kwamfiresa ke zaune, ya cinye kusan rabin daɓen. A sama kuma ga ɗan akwatin ƙanƙara, wanda a irin waɗannan ƙananan firiji shi ne ainihin farantin da ke kawo sanyi, ba a cire shi. Tulun da kan bututunsa suna neman tsayin santimita 70, abin da ke tsakanin daɓe da farantin bai kai ba.

Da na tsaya a nan, da asarar ba ta wuce kuɗin mota ba, sai in sayar da shi in nemi wani. Amma na ce bari in yi amfani da ƙaramin mazubi, in dai huda gefe in fito da famfo. Kawu ya tafi sallar Azahar. Na ɗauki injin huda na sa a bangon dama, tsayin gwiwa. Bakin ƙarfen ya wuce farin gwangwanin, ya shiga kumfar da ke tsare sanyi a cikin bangon, sai na ji "fsss", wata iska mai sanyi ta feso mini a yatsu da ɗan maiƙo. Na huda bututun gas.

Kawu na dawowa ya ga takardar da ke bayan firijin, ya ga R600a, wato sunan gas ɗin da ke ciki, bai tsaya faɗa ba. Ya ce a wangale ƙofar shago, kada wanda ya taɓa makunnin wuta, ya kori wani mai sigari da ke tsaye a bakin titi. Wannan gas ɗin ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, duk da cewa abin da ke cikin ƙaramin firiji kaɗan ne. Tsofaffin da ke aiki da R134a ba su da wannan haɗari. Bututun da ya fashe a tsakiyar kumfa kuwa, kuɗin tone shi da walda ya fi kuɗin firijin.

Da yamma ya kira ni wajen wani firiji da muke gwaji, ya kama hannuna ya ɗora tafina a gefensa. "Me ka ji, ɗana?" Na ce ɗumi. Ya matsar da hannun kamar taƙi ɗaya, ɗumin ya ragu, ya ƙara matsarwa ya dawo. Ya ce firijin da, raga ce baƙa a bayansa take fitar da zafi, kana ganinta da idonka. Na yanzu an ɓoye bututun a cikin bangon gefe, yana hawa yana sauka. Ya dama sitaci da sifirit na kemis ya shafa a bangon. Muna tsaye muna kallo, farin layi ya fara fitowa inda ya riga bushewa, daidai kan bututun, kamar an zana da alli. Ya ce in dai firiji mai tsayuwa ne, ƙofa ake hudawa, ita ce ba bututun gas a cikinta, sai dai a kula da masu famfon ruwa ko allon lantarki a ƙofa, waɗannan akwai waya. Shekara huɗu ina taɓa gefen firiji ina jin wannan ɗumi ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

Takardar nan ta baya ita ma karatu ce. Akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera na'urar ta jure: N iyakarsa digiri 32, ST 38, T kuma 43. Garin da zafinsa ke haura 45 da bazara, kuma firijin a zaure zai zauna ba a ɗaki mai sanyi ba, in ba T ba ne kwamfiresa ba zai huta ba har ya ƙone. Sai kuma wutar kanta. Ana auna saurin bugunta da Hz: ta Saudiyya 60 ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce. Shi ya sa nake jin tausayin alhazan da ke ɗaure firiji a kaya su kai gida ba su duba wannan layin ba, ya je can yana aiki ƙasa da ƙarfinsa su ce an cuce su.

Karo na biyu da tef na fita, da kwali da na yanka daidai gindin tulun. Firiza na zaɓa, mai buɗewa ta sama. Ita duk bangonta huɗu bututu ne, ba a huda ko ɗaya. Abin da ake yi shi ne a kwance murfin, a kewaye bakinta da katako mai kauri, a mayar da murfin a kan katakon, famfo ya bi ta cikin itace. Ka sami ƙarin tsayi, ba ka kuma taɓa jikin na'urar ba. Tun da aikinta daskarar da abu ne, sai a haɗa mata tamostat na waje wanda zai yanke wuta in sanyi ya kai digiri 3. Kan ma'aunin tamostat ɗin a jikin tulu ake manna shi a rufe da soso. In ka bar shi yana lilo a iska, duk buɗe murfi sai kwamfiresa ya tashi, tashi da mutuwa a kai a kai kuwa shi ke kashe shi.

Da na kai wa Hajiya, ta leƙa ciki ta ce: "To ɗan nan, wa zai riƙa ɗaga mini wannan?" Tulu cike ya haura kilo 20, ga bakin firizar ya kai mata ƙugu. Ban yi tunanin bayanta ba ko kaɗan. Muka shirya a riƙa cika shi yana ciki da mazurari, a fito da shi wanki in ya zama fanko.

Zobon kansa ya ƙara mini wani karatun. Tsaminsa na cin famfon tagulla mai fenti kalar azurfa, dole sai na ƙarfen da ba ya tsatsa. Dole kuma a tace shi sau biyu, don ɗan guntun citta ko kanumfari ya isa ya toshe bututu. Iskar da ke turo shi, irin ta lemon kwalba, tana narkewa cikin ruwa mai sanyi. Mun bar shi ya kwana da ita, da safe Hajiya ta kurɓa bayan ta yi bismilla, ta ajiye kofin ta ce wannan ba zobonta ba ne, yana cizon harshe. Na rage ƙarfin iskar zuwa abin da zai turo shi kawai, da dare a rufe tukunyar iskar a saki wadda ta rage.

Sobiya ce Kawu ya hana sam. Ni ina ganin matsalarta gari ne da ke kwantawa, kofin farko ya fito da kauri, na ƙarshe tsululu. Shi abin da ya dame shi daban ne. Sobiya jiƙon sha'ir ce ko busasshen burodi, da sukari, tana kuma ci gaba da tsami ko an gama ta. Ya ce a bokiti Hajiya na buɗewa ta shinshina ta san inda ta kai, a tulun ƙarfe rufaffe ba mai gani, in wuta ta ɗauke ko aka manta da ita kwanaki sai ta juye ta zama abin da ba ya halatta. Ya tuna mana hadisin Ibn Abbas cewa jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin kwana na uku. Saboda haka sobiyar na cikin bokiti mai murfi a gefen tulun, da ludayinta, ta yini ɗaya kawai ake yi.

Ranar ɗaya ga azumi na je bayan La'asar, yara sun yi layi da goruna. Ma'auni na nuna digiri 3, amma kofin farko bayan an ɗan dakata yana fitowa da ɗumi-ɗumi, domin sanyi ƙasa yake kwanciya, bututun da ke kusa da katako kuma yana sama. Washegari na ciro ɗan fanka daga wata matacciyar kwamfuta na ɗaure shi a cikin katakon yana juya iskar, na kuma bar wa jikanta tsumma ya riƙa goge ruwan da ke taruwa a gindin firizar kowace safiya.