Harafin da ba a furtawa a sunan almakashi

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau da safe ina cikin koyar da Turanci a aji uku, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ake rubuta harafin c a cikin kalmar scissors, alhali ba a furta shi?" Kafin in buɗe baki aka kaɗa ƙararrawa, na yi mata alkawarin amsa gobe, amma tambayar ta biyo ni har gida.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na zauna da ƙamus. Kalmar scissors, wato almakashi, ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, cisoires, tushenta kuma shi ne caedere na Latin, wato sara ko yanka. Mutanen Ingila sun daɗe suna rubuta ta ba tare da c ɗin nan ba, sai a ƙarni na 16 masu ilimi suka zaci ta fito ne daga scindere, wata kalmar Latin mai nufin tsagawa, suka cusa mata harafin. Ashe kuskuren masana ne yaranmu suke haddacewa har yau. Mu ma almakashin namu aro ne, daga Larabci muka samo shi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne decide, domin daga wannan caedere ɗin ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce datse abu. Mutumin Rum da Bahaushe, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun ga abu ɗaya: mu ma cewa muke an yanke shawara, alƙali ya yanke hukunci, kamar dai magana igiya ce da take ta tsawo sai an sa mata wuƙa. Na daɗe ina juya wannan a raina har aka kira magariba.

Na kuma leƙa cleave, wadda take nufin faskara abu kamar itace, take kuma nufin manne wa abu. Dalili shi ne kalmomi biyu ne daban a tsohon Turanci, furucinsu ya zo ya haɗe.

Na ari almakashin ɗinkin maiɗakina na sa a jaka. Gobe zan fara da tambayar yarinyar, sannan in rubuta decide da "yanke shawara" a kan allo, ɗaya kusa da ɗaya, in bar su su gano dangantakar da kansu.