Sabar da babu mai ita

Ƙarar fanka ce ta fara tona asirin. Na shiga ɗakin injuna da safe don canza wata waya, sai na ji ɗaya daga cikin manyan injunanmu na kwamfuta tana huci kamar ana aikin ƙarshen wata, alhali kuwa babu wani aiki mai nauyi da aka sa mata. Wannan injin yana ɗauke da ƙananan sabobi 14 a cikinsa, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, irin waɗanda ba su da gangar jiki, manhaja ce kawai ke yanka musu rabonsu daga ƙarfin injin. Na koma teburina na duba, sai ga guda ɗaya ta cinye rabonta kaf, ɗari bisa ɗari, kuma jadawalin ya nuna kwana 11 ke nan tana haka. Sunanta gwaji2. Ban san ta ba. Na tambayi abokin aikina, shi ma bai san ta ba.

Sai da muka tono tsofaffin saƙonni muka gano asalinta. Wani ma'aikaci ne ya kafa ta don ya nuna wa shugabanni wata manhaja da ake son saye. An yi nunin, ba a sayi manhajar ba, shi kuma ya bar aiki fiye da shekara 2 kafin wannan rana. Ita kuwa tana nan tana ta aiki, da tsarin aiki na Ubuntu 16.04 a kanta, wanda aka daina yi wa facin kyauta na yau da kullum, wato gyaran da ke toshe ɓarakar tsaro, tun watan Afrilun 2021. An buɗe mata ƙofar sadarwa ta 22 a katangar tsaro, wato tsarin da ke tace abin da ke shigowa daga intanet, don mai ita ya riƙa shiga daga gida ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, kuma kalmar sirri kaɗai take nema. Da na buɗe kundin shige da fice na ga yadda aka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar dare da rana daga adireshi iri-iri, ana gwada sunayen asusu: ana gwada root, asusun da ke da cikakken iko a kan na'ura, ana gwada admin, ana gwada test, har wata rana aka dace.

Wanda ya shigo bai ɓata komai ba, kuma wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Ya dasa XMRig, manhajar haƙo kuɗin intanet na Monero, ya sauya mata suna don ta yi kama da aikin tsarin. Ya sa layi a crontab, jadawalin ayyukan da na'ura ke tayarwa da kanta, wanda ke sake tayar da ita in an kashe. Sannan ya ajiye nasa mabuɗin na lantarki a cikin authorized_keys, fayil ɗin mabuɗan da aka yarda su shiga ba da kalmar sirri ba, ta yadda ko mun canza kalmar sirri sau goma zai ci gaba da shigowa abinsa. Kwaɗayinsa ne ya cece mu. Da ya haƙura da rabin ƙarfin injin, da fankar ba ta yi ƙara ba, da ban san ranar da za mu farga ba. Kuma sabar tana layin sadarwa ɗaya da wasu injunan da ke riƙe da bayanan mutane. Mun shafe mako guda muna bin kundin kowace na'ura don mu tabbatar bai tsallaka ba, mun canza duk wani mabuɗi da ya taɓa ratsawa ta wurin, ita kuma muka ɗauki hoton faifanta, wato cikakken kwafinsa, muka goge ta. Na'urar da baƙo ya zama root a kanta ba a wanke ta, sabuwa ake ginawa in ana bukata.

Da na kai wa maigidana rahoto, ya yi shiru can sai ya ce, "Malam, guda nawa ne irinta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba ka amsa yau ba." Ban taɓa jin nauyin wata magana a bakina kamar wannan ba, domin ita ce tambayar da ya kamata in iya amsawa ko daga barci aka tashe ni.

Tun daga lokacin na fara sauraron muhawarar da muke yi da abokan sana'a da wani kunne daban. Duk inda masu kula da kwamfutoci suka haɗu, tambayoyin kusan ɗaya ne. Shin a ɗauke SSH daga ƙofa ta 22 a mayar da ita 2222? Wace katangar tsaro ta fi? Kwana nawa ya kamata kalmar sirri ta yi kafin a tilasta canza ta? Ina da ra'ayi a kan kowace. Sauya lambar ƙofa yana rage hayaniya a cikin kundi, wannan gaskiya ne, kuma kundi mai tsabta ya fi daɗin karatu. Amma Nmap, shirin lalubo buɗaɗɗun ƙofofi da ke hannun kowa tun 1997, zai bi ƙofofi 65,535 ya gano inda ka ɓoye ta, shafin bincike na Shodan kuma kullum yana zagaya intanet yana rubuta abin da ya gani. Abin da ke hana shiga shi ne a kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, a hana root shiga kai tsaye, a koma mabuɗi, in da hali ma kada ƙofar ta kalli intanet sai ta bayan VPN, wato killatacciyar hanyar shiga layin ofis daga waje. Batun canza kalmar sirri duk kwana 90 kuwa, NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta janye wannan shawara tun 2017, ta ce a canza in akwai alamar ta fita. Duk wanda ya ga yadda ma'aikata ke ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalma ya san dalili.

To amma ka lura, duk waɗannan tambayoyi game da injin da ka san da shi ne. Sabobinmu 13 da ke kan wancan injin duk an yi musu abin da na lissafa: mabuɗi kaɗai, faci a kan lokaci, kundinsu yana zuwa wuri ɗaya ana dubawa. Ta 14 ce ba ta cikin lissafin kowa, don haka babu dokar da ta hau kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa muna ta shafa wa bangon gaba fenti, ba mu ma san akwai wani bango a baya ba.

Da na koma na karanta manyan kutsen da aka yi bincikensu a bainar jama'a, sai na ga labarin gwaji2 yana ta maimaita kansa da manyan kaya. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin mutane, shi ne wanda na fi daɗewa a kansa. A watan Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a Apache Struts, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, aka kuma fitar da facinta. Ba a ce kamfanin bai ji ba. Ya ji, ya aika wa ma'aikatansa saƙo cewa a yi facin cikin awa 48, ya kuma bi injunansa da manhajar bincike bayan 'yan kwanaki, ba ta nuna komai ba. Sai dai jerin sunayen da aka aika wa saƙon ya tsufa, binciken kuma bai hango wata tsohuwar manhajar karɓar ƙorafin jama'a da ke amfani da Struts ɗin ba. Ta nan aka shiga a watan Mayu, aka yi ta ɗibar bayanai har ƙarshen Yuli, na mutum kusan miliyan 147. Na'urar da ya kamata ta ga fitar bayanan ta makance, saboda takardar shaidarta ta lantarki ta daɗe da ƙarewa ba wanda ya sabunta. Ranar da aka sabunta ta, ranar aka ga ɓarnar. Ka duba abin da ya kayar da su: jerin sunaye da ya tsufa, injin da ba a san abin da ke cikinsa ba, takardar da aka manta. Babu wani sihiri a ciki.

Haka na Colonial Pipeline a watan Mayun 2021, bututun man da ke tashi daga Texas ya kai har New Jersey. Shugaban kamfanin, Joseph Blount, ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa ta wani tsohon tsarin VPN aka shigo, wanda kalmar sirri kaɗai yake nema, babu mataki na biyu. Asusun da aka yi amfani da shi an daina aiki da shi, amma ba a rufe ba. An tsayar da bututun kwanaki, gidajen mai suka bushe a jihohi da dama, kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4.

Wanda na shaida da kaina shi ne na ɓarakar da aka gano a manhajar Log4j, a Disambar 2021. Facin bai ɗauki lokaci ba ya fito. Wahalar da duniya ta sha ita ce gano inda abin yake, domin ɗan ƙaramin ɓangare ne da ke ƙunshe cikin manhajojin Java ba adadi, wani lokaci a cikin wata manhaja da ke cikin wata manhaja. Na tuna muna bin faifai ɗaya bayan ɗaya muna neman fayil mai wannan suna, muna kiran masu sayar mana da kaya muna tambaya, wasu su ma sai sun je sun duba. Wanda yake da rajistar abin da ke kan injunansa ya gama a kwana biyu. Mu mun kai sabuwar shekara muna tuntuɓe da shi a wuraren da ba mu zata ba.

Abin da na sa a gaba bayan gwaji2 ba shi da wani armashi, kuma ba a saye shi da kuɗi ba. Rajista ce. Kowace na'ura, mai jiki da marar jiki, tana da layi ɗaya: sunanta, adireshinta, aikin da take yi, tsarin da ke kanta, ƙofofin da aka buɗe mata, da sunan mutum ɗaya da ke da alhakinta. Mutum, ba sashe ba. In ka rubuta "sashen kuɗi" a wurin mai ita, ka rubuta babu kowa ke nan. Sannan akwai gurbi na ƙarshe wanda na fi so, wato ranar mutuwa. Duk wanda ya zo neman sabar gwaji, ina tambayarsa yaushe zai gama da ita, in rubuta. Ranar ta zo, ko ya dawo ya nemi ƙari ko ta mutu. Haka duk wata ƙofa da aka buɗe a katangar tsaro "na ɗan lokaci". Na gano cewa a wannan sana'a babu abin da ya kai na ɗan lokaci daɗewa.

Rajista kuwa tana fara tsufa tun ranar da aka gama rubuta ta, shi ya sa ba na yarda da ita ita kaɗai. Farkon kowane wata ina bin adireshinmu da Nmap sau biyu, daga ciki da kuma daga wata na'ura da ke waje, don in ga abin da baƙo ke gani. Sai in ɗora sakamakon a kan rajistar. Abin da ya yi daidai ba ya ɗaukar mini lokaci. Bambancin nake nema: abin da ke amsawa a layi amma babu shi a takarda. Zagayen farko ya fito da firinta mai shafin sarrafawa da ke karɓar kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, da na'urar naɗar kyamarori da telnet ɗinta, wata tsohuwar hanyar shiga daga nesa marar kariya, ke buɗe a ƙofa ta 23. Irin waɗannan ne muguwar manhajar Mirai ta tattara a 2016 da ɗan jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60, ta kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, harin da ya sa Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a watan Oktoban shekarar.

Asusun mutane ya fi injuna wahala, domin ba ni ke sanin wanda ya tafi ba. Sai da na je wurin shugabar sashen ma'aikata da kaina. Na ce, "Hajiya, alfarma ɗaya nake nema. Ranar da mutum zai ajiye katinsa, a sanar da ni kafin ya fita daga harabar." Ta ce ai suna aiko da jerin sunaye duk ƙarshen wata uku. Na ba ta labarin Colonial, na nuna mata asusu 6 na mutanen da suka tafi waɗanda har lokacin VPN ke karɓarsu. Washegari ta sa sunana a takardar sallama, sai na sa hannu ake biyan mutum haƙƙinsa na ƙarshe. Ina ganin wannan ɗan gurbin sa hannu ya fi mana amfani a kan wata na'ura mai tsada da aka taɓa kawo mana talla. Kuma rufe asusu ba ya isa in mutumin ya bar mabuɗinsa a kan sabobi, ko ya taɓa rubuta wani ɗan shiri da ke gudana da sunansa cikin dare. Waɗannan ma sai an bi su.

Inda muke saɓani da wasu abokan sana'a shi ne abin da za a yi da na'urar da aka rasa mai ita. Suna cewa kada ka taɓa abin da ba ka san aikinsa ba, wataƙila albashin mutane ke bi ta kansa. Na fahimci tsoronsu, kuma na taɓa ganin an kashe wata tsohuwar saba sai ga rahoton ƙarshen shekara ya ƙi fita. Amma barin ta a kunne shi ma hukunci ne, an dai yanke shi ne cikin shiru. Hanyar da nake bi ita ce in fara sauraron zirga-zirgarta mako 2, in ga wa ke magana da ita. In aika wa kowa sanarwa da sunanta da ranar da zan cire ta. Ranar ta zo, ba na gogewa, layin sadarwarta kawai nake cirewa, in ajiye hotonta, in zauna in ga wa zai zo da kuka. In an zo, minti 5 ya isa in mayar da ita, kuma na sami sunan da zan rubuta a rajista. In wata 3 ya wuce shiru, ta tafi.

Yanzu haka saura guda ɗaya a hannuna. Wata ƙaramar kwamfuta ce da ke ƙarƙashin tebur a ɗakin ajiya, Windows 7 ne a kanta, wanda Microsoft ta daina yi wa faci tun Janairun 2020, kuma ƙofarta ta 445 tana amsawa, ƙofar da WannaCry, muguwar manhajar neman kuɗin fansa, ta bi a 2017. Na riga na killace ta a layi na daban inda ba ta ganin kowa sai adireshi ɗaya da take aika wa ɗan saƙo duk tsakar dare. Na bi adireshin, na'urar buɗe ƙofar shiga ofis ce. Na rubuta wa kamfanin da ya girka ta sau biyu, ban sami amsa ba tukuna. Ranar Litinin zan zo da wuri, in tsaya a bakin ƙofar da makullin ƙarfe a hannu, sannan in ce wa abokin aikina ya zare wayar.