Abin da Tafiyar Kocinmu ta Koya Mini

A shekarun da na yi ina karatun digiri na biyu a wata ƙaramar jami'a a Amurka, na samu aikin wucin gadi a sashen wasanni, inda aka haɗa ni da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza. Aikin bai wuce wankin riguna da tawul, da cika gorunan ruwa, da ɗaukar bidiyon atisaye, da yanka bidiyon wasannin abokan karawa domin mataimakan koci su yi nazari a kai ba. Kuɗin haya ne ya kai ni, amma a nan na fara ganin yadda mutum yake barin aiki, da abin da tafiyarsa take jawo wa waɗanda ya bari.

A shekarata ta biyu muka ci gasar rukunin jami'o'in da muke ciki, muka samu gurbi a babbar gasar watan Maris ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda a lokacin ƙungiyoyi 68 suke bugawa sili ɗaya ƙwale. A wasan farko aka fitar da mu, duk da haka ba a daina murna a harabar makaranta ba. Kwana biyar bayan mun dawo, ina ninke tawul a ɗakin sauya kaya, sai wani ɗan wasa ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya ce komai ba. Wani ɗan jarida ne ya rubuta a Twitter cewa kocinmu ya amince zai koma wata babbar jami'a. Mutum bakwai ne a ɗakin, kuma babu abin da ake ji sai ƙarar injin busar da kaya. Kocin bai zo ba sai da yamma, sanye da riga marar tambarin kowace makaranta, ya yi magana ta minti goma, ya rungumi kowa, ya fita zuwa filin jirgi. Dattijon da ke kula da kayan wasa, wanda ya ga zuwan kociyoyi da tafiyarsu tun kafin a haife ni, ya dube ni ya ce: “Ɗana, tun ranar da muka fara cin wasa na san mun rasa shi.”

A wannan daren cin amana na kira abin, domin mutumin da ya shekara yana gaya wa yara cewa ƙungiya iyali ce, ga shi ya tafi kafin gumi ya bushe. Sai da na zauna na duba yadda harkar take tafiya sannan fushina ya ragu. A 2013 koci Andy Enfield ya kai ƙaramar jami'ar Florida Gulf Coast zagayen 'yan 16 bayan ya doke Georgetown da San Diego State, alhali albashinsa kimanin dala 157,000 ne a shekara, kuma cikin 'yan kwanaki jami'ar USC ta ɗauke shi a kan sama da dala miliyan ɗaya a shekara. Ban san ma'aikacin da za a yi wa irin wannan tayin ya ce sai ya yi shawara da masu wankin tawul ba. Ga kuma bambancin kayan aiki: ƙaramar makaranta tana shafe Nuwamba da Disamba tana yawo a bas zuwa gidajen manya domin a biya ta kuɗin wasa, ta sha kashi, ta yi amfani da kuɗin wajen tafiyar da sashen wasanni. Ko kuɗin da NCAA take bayarwa a kan kowane wasan da ƙungiya ta buga a gasar Maris, rukunin da makarantar take ciki ake biya a tsawon shekara shida, a raba da sauran makarantu. Nasara ɗaya ba ta mayar da ƙaramar jami'a mai arziki, amma tana iya mayar da kocinta mai tsada cikin mako guda.

Gaggawar ma tana da dalili. Kasuwar kociyoyi tana ci ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, kuma a wannan sana'a a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A 2022 Shaheen Holloway ya jagoranci Saint Peter's, wata ƙaramar jami'a a Jersey City, ta fitar da Kentucky da Murray State da Purdue, kafin North Carolina ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas ranar 27 ga Maris. Ranar 30 ga watan aka sanar da shi a matsayin kocin Seton Hall, makarantar da ya yi wa wasa yana ɗalibi. Abin da ya ja hankalina a labarinsa shi ne 'yan wasansa na Saint Peter's sun halarci taron gabatar da shi a sabuwar makarantar, aka miƙe ana tafa musu. Da na ga haka sai na tuna ɗakinmu da wayar nan da aka miƙo mini, na gane cewa abin da ya yi wa yaranmu ciwo shi ne a bakin baƙo suka ji labarin, daga mutumin da ya san gidajen iyayensu kuma yana da lambar kowannensu.

Ba kowane mai tafiya ne yake dacewa ba, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shaka Smart ya kai jami'ar VCU zagayen kusa da na ƙarshe a 2011, ya koma Texas a 2015, ya yi shekara shida bai ci wasa ko ɗaya a gasar Maris ba. Tobin Anderson ya fitar da Purdue da ƙungiyar Fairleigh Dickinson a 2023, Iona ta ɗauke shi bayan kwana huɗu, ta kuma sallame shi bayan kaka biyu. Misalin da na fi yawan tunawa shi ne na jami'ar Gonzaga. Dan Monson ya kai ta zagayen 'yan takwas a 1999, ya tafi Minnesota wadda take fama da takunkumi saboda badaƙalar maguɗin karatu, ya bar aikin a 2006 bayan ya shiga gasar Maris sau ɗaya tak. Mataimakinsa Mark Few ya gaji kujerarsa ta Gonzaga a 1999, ya ƙi duk tayin da aka yi masa, ya kai Gonzaga wasan ƙarshe a 2017 da 2021. Ba na kawo wannan domin in ce zama ya fi tafiya, domin a kan kowane Few akwai kociyoyi da dama da suka zauna, kaka biyu ta lalace musu, makarantar da suka yi wa biyayya ta kore su.

Abin da na fi koya ya zo ne a makonnin da suka biyo baya, lokacin da 'yan jarida suka bi koci zuwa sabon gidansa, mu kuma aka bar mu da abin da ya rage. Cikin mataimaka uku ya tafi da biyu, na ukun kuma, mai kwantiragin shekara ɗaya da mata da jariri, ya shiga buga waya yana neman aiki. Akwai wani yaro ɗan shekarar farko da kocin ya ɗauko saboda gudunsa, domin salon wasanmu na sauri ne, sai sabon koci ya zo da salon dogaye masu wasa a hankali. A lokacin dokar NCAA ta ce ɗan ƙwallon kwandon da ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, alhali koci yana iya tashi yau ya fara aiki gobe, babbar makaranta ta biya diyyar karya kwantiraginsa. Yaron ya zauna, ya shafe kaka a benci, ni nake miƙa masa tawul ɗin da bai jiƙa ba. A Afrilun 2021 aka sassauta dokar, aka ba ɗan wasa damar sauya makaranta ya buga nan take, kuma a ganina an yi adalci, ko da yake ƙananan makarantu ne suke biyan kuɗinsa. Bayan tafiyar Holloway manyan 'yan wasan Saint Peter's suka watse: KC Ndefo ya bi shi Seton Hall, Doug Edert ya tafi Bryant, tagwayen nan 'yan Mali, Hassan da Fousseyni Drame, suka koma La Salle. Haka da Dusty May ya bar Florida Atlantic zuwa Michigan a 2024, dogon ɗan wasansa Vlad Goldin ya bi shi. Yanzu makaranta takan rasa koci da ƙungiya a wata ɗaya.

Sai kuma batun ilimin aikin kansa. Da sabon kocinmu ya nemi bayanan ɗaliban sakandaren da ake zawarci, da lambobin masu horar da su, da tsarin atisaye, sai aka tarar duk suna cikin kwamfutoci da wayoyin mutanen da suka tafi. Babu wanda ya saci komai, ba a dai taɓa tunanin ajiye su da sunan makaranta ba, saboda kowa ya ɗauka koci shi ne ƙungiyar. Jami'ar Butler ta nuna cewa ana iya yin akasin haka. Barry Collier ya bar ta zuwa Nebraska a 2000, Thad Matta ya tafi Xavier a 2001, Todd Lickliter ya tafi Iowa a 2007, kuma kowane karo mataimaki na cikin gida aka ɗaga, har aka kai ga Brad Stevens wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 2010 da 2011. Ta rasa kociya uku cikin shekara bakwai, amma tsarin wasanta da irin yaran da take nema ba su bi kowa fita ba.

Abu ɗaya da ya tsira a wurinmu shi ne bidiyo, kuma ba don hikimata ba, sai don dattijon nan ya matsa mini tun farko in riƙa rubuta kwanan wata da sunan abokan karawa a kan kowane fayil, in ajiye kwafi a ofishinsa. Shekaru bayan haka, da na samu aikin da ya fi wanda nake yi albashi, na karɓa ba tare da jin kunya ba. Sai dai kafin takarda ta fita na shiga ofishin kowane mutum da nake aiki da shi na faɗa masa da bakina, na kuma yi mako biyu ina rubuta wa wanda zai gaje ni inda kowane abu yake, har da lambar mai gyaran janareto.