Tarihin Rayuwata (Kashi na 11): Layin da Bature Ya Ja

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni aiki Kamba, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar. 'Yan uwa sun yi ta kira wai na tsallake auren Auta. Zan zo kansa in Allah ya yarda, amma yau maganar Kawu ce ta hana ni sakat.

Kawu, Allah ya jiƙansa, da jakai yake zuwa ɗauko gishirin Foga a Nijar, ya biya ta garin Gaya na can ya kwana wurin Gwaggo. In aka ce masa ya shiga ƙasar Faransa, wato Nijar, sai ya ce, "Bature ya ja layi a takarda, bai ja a ƙasa ba." Da wannan magana na girma. Lokacin da aka kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas a 1975 ina makaranta, ban san a kanta zan ci tuwo ba.

Aikina shi ne in zauna da fatake da direbobi in fahimtar da su cewa a tsarin ECOWAS amfanin gona ɗanye ba ya biyan kuɗin fito. Na faɗa a rumfar 'yan albasa, na faɗa a tasha, na faɗa wa 'yan Malanbil ta ƙasar Benin da ke zuwa da sefa ƙulle a lalita. Wata shekara na bi motar kaya da kaina, na zauna kusa da yaron mota, na rubuta kowane shinge da abin da aka miƙa. Na kai wa maigidanmu rahoton, ya jefa a aljihun tebur. Bayan wani lokaci na ji an karanta shi a wani taro da sunan wani. Yana raye, ya san kansa, kuma har yau ban ji ya ce mini sannu ba.

A watan Yulin 2019, a Yamai, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ranar har goro na raba. Na tara 'yan kasuwa na ce musu wahala ta ƙare, daga Aliero har Akara hanya ɗaya ce. Ko wata biyu ba a yi ba Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa.

Akwai wani Alhaji, dattijo, sa'an Baffa. Motarsa ta albasa ta tsaya a bakin iyaka kwana da kwanaki. Na je na same shi yana kwance bakin buhu, yana tsamo wadda ta ruɓe yana jefarwa, ruwa baƙi na ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙudaje sun yi dandazo. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ina takardar taka?" Wallahi na rasa bakin magana. Manoman shinkafa na Argungu da Suru sun ji daɗin rufewar, ban musa ba, ƙanena ma ya sayi babur a kakar nan. Amma ni wannan tambayar ce ta biyo ni gida.

Haka aka yi a 1984 ma, ashe na manta ban faɗa ba. Inna ta kwanta ciwo iyaka na rufe, Gwaggo ta biyo daji da dare a ƙafa don ta gan ta. Kawu ya sake maimaita maganarsa, amma muryarsa ta yi sanyi.

Sai Afrilun 2022 aka buɗe Kamba. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS baki ɗaya, ina zaune a tsakar gida na ji a rediyo. Kwafin rahoton nan yana cikin akwatina tare da carbin Kawu. Jikokin Gwaggo kuwa sun zo mana yawon salla, ta tsohuwar hanyar jakai.